Rufin Gidan Mbarak

Bihi ya riga ya jingina tsani a katangar gidan maƙwabcinsa Mbarak lokacin da ɗansa Yidir ya fito, ɗauke da katakan zamiyar kan ƙanƙara a kafaɗa. Dusar ƙanƙara ta kwana tana sauka, ta kai cinyar mutum a cikin lungu. Shekara huɗu rabon garin Taurirt da ganin irinta.

"Baba, wannan ba katangarmu ba ce."

"Idona bai mutu ba tukuna," in ji Bihi. Ya jijjiga tsanin ya ji ko ya zauna.

Yidir ya sauke katakan ya soka su cikin ƙanƙara. Shekararsa talatin da ɗaya, kuma abin da yake ci da shi ke nan, ba da hayar kayan zamiya ga baƙin da ke hawowa daga Marrakesh. Shekarun nan huɗu kayan suna rataye a rumfa, shi kuwa yana leburanci a gangare.

"Ɗakinmu ma rufin ƙasa ne," ya ce. "Yamna tana ciki da cikin wata bakwai. Ka fara da namu mana, in ya so."

"Naka kai za ka kwashe. Kana gari, kana da hannu biyu."

"An buɗe hanya tun asuba, Baba. Motoci sun fara isowa. In na tsaya a kan rufi, 'ya'yan Bujama sun kwashe baƙin kafin in sauka. Da azahar zan dawo in yi."

"To, da azahar."

Babu wanda ya taɓa rubuta tsarin kwashe rufi a Taurirt, amma kowa ya tashi ya tarar da shi. Masallaci ake farawa da shi, sai gidan macen da ba ta da namiji a gida, sai gidan wanda ba ya gari, naka kuma a ƙarshe. Rufin ƙasa ba ya jira. Da zarar rana ta leƙo ta bayan dutse, ƙanƙarar sai ta fara narkewa ta ƙarƙashi, ruwa ya ratsa yumɓu, nauyi ya zauna a kan gungume. Akwai kuma wata ƙa'ida da ba a cika faɗinta da ƙarfi ba: gidan da rufinsa ya faɗi, ya shekara biyu yana kango babu mai gyara, dattawan gari suna ba da filin ga maƙwabcin da ke cikin matsi. Yidir da matarsa Yamna a ɗaki ɗaya suke, wanda a da can rumbun sha'ir ne. Gidan Mbarak ɗaki uku ne, kuma katanga ɗaya ta raba su.

Yidir ya matso ya rage murya.

"Shekara ashirin da uku kana hawa rufin nan. Mai gidan ba zai dawo ba, ka sani, na sani. Ni ban ce ka rushe komai ba. Ban ce ka taɓa ko tsakuwa ɗaya ba. Cewa na yi ka zauna gindin murhu ka sha shayinka kamar kowane tsoho. Allah ne ya saukar da ita, ba kai ba."

"Baƙinka suna jira."

Yidir ya ɗauki katakansa ya gangara, yana cusa ƙafa cikin sawun waɗanda suka riga shi. Bihi ya jefa shebur ɗinsa na katako sama, ya bi shi a hankali, yana hutawa a kowane taki na uku.

Daga kan rufin ana ganin garin duka. Masallaci an yi masa siminti da koren tayil tun tuni, ba ya bukatar kowa. Gidaje da yawa sun koma siminti, wasu an kafa musu allo an rubuta ɗakin haya. Can ƙasa a fili motoci sun fara jeruwa, kujerun nan da ke tafiya a jikin waya sun fara motsi suna hawa dutse, mata sun hura wuta a ƙarƙashin tukwanen dahuwar nama da ake kira tajin. Ya duba gabas ya duba yamma, bai ga mutum ko ɗaya a kan rufi ba sai shi.

Ya fara daga gefen indararo, kamar yadda ake yi, don ruwa ya sami hanya. Ya tura shebur, ya ɗaga, ya watsa cikin lungu. Ƙanƙarar mai nauyi ce, jiƙaƙƙiya, irin wadda take manne wa katako. Ba a sa shebur ɗin ƙarfe a rufin ƙasa, yana yanka daɓen ya bar wa ruwa ƙofa. Na katakon kuwa sai ya yi ta cin ƙarfin mutum.

Maganar Yidir ta hau rufin tare da shi. Allah ne ya saukar da ita. Gaskiya ne. Bihi bai yi makaranta ba sai ta allo, amma mutum ne mai juya magana a zuci har ta gaji. In mutum ya zauna kawai, abu ya lalace a gabansa, da me za a kama shi? Hannunsa bai yi komai ba. Amma hannun nan da bai yi komai ba, ai shi ne dai hannun da zai karɓi filin. Ya watsa wani shebur ɗin. In kuwa haka ne, wanda ya bar rufin ɗansa fa, ya hau na wani? Wannan ma zama ne, ta wata fuskar. Ya ture tunanin ya ci gaba.

"Kai, wa nake gani a sama kamar tsohon hankaka?"

Bujama ne a cikin lungu, sa'ansa, yana jan alfadarinsa da aka yi wa ado da jan ulu, don baƙi su hau a ɗauke su hoto.

"Hankakan da ya fi ka haƙora," in ji Bihi. "Matsa, kar in binne ka da dabbarka."

"Yau ma shara kake yi wa aljanun Mbarak? Ka ce su riƙa ba ka shayi mana. Shekara ashirin ko kofi ɗaya!"

"Su sun fi ka kunya. Ba sa wucewa su bar mutum a kan rufi."

Bujama ya yi dariya har ya yi tari, sannan ya tsaya yana kallon rufin. Dariyar ta sauka daga fuskarsa.

"Ka tuna shekarar da ƙanƙara ta rufe ƙofar masallaci? Mu talatin da biyu a kan rufin nan. Mbarak yana ba da waƙa, muna amsawa, ko numfashi ba ya yi."

"Ba ya kwasa dai. Waƙar ce aikinsa."

"Wallahi! Shebur ɗinsa a bushe yake sauka. Amma in ya yi shiru sai hannu ya mutu. Mata suna biye da mu da kunun sha'ir daga gida zuwa gida, kafin azahar an gama gari kaf." Ya ja igiyar alfadarin. "Da gwiwata tana hawa tsani, da na hau, Bihi."

"Gwiwarka tana hawa dutse in akwai baƙo a kan dabba."

"Wannan dabbar ce take ja na. Ka sauka da rai, tsoho."

Bayan ya wuce, lungun ya yi tsit. Bihi ya jingina da shebur yana mai da numfashi, sai ya tsinci kansa yana kallon gangaren da ke bayan makabarta. A can suka fara zamiya, shi da Mbarak, suna 'yan shekara goma sha biyu. Sun ga Turawan otal suna yi, sai suka ɓalle katakai biyu daga ƙofar garken tumakin uban Mbarak, suka tsoma bakinsu a tafasasshen ruwa har suka lanƙwasa, suka ɗaure da fatar akuya, suka goga musu guntun kyandir. Ƙafa ɗaya kowa ya samu. Haka suka gangaro rungume da juna, kowa da katako ɗaya, suna ihu, har suka faɗa cikin rafi. Tumaki bakwai suka fice ta ƙofar a ranar. Uban Mbarak ya zane su duka biyu da igiya ɗaya, bai tambayi wane ne ɗansa ba.

Daga baya sun yi shekaru suna ɗaukar wa baƙi kaya zuwa kan dutse, tun kafin a kafa kujerun waya. A wancan zamanin sanyi yakan zauna wata huɗu cur, har mutum ya manta kalar ƙasa. Sannan sanyin ya fara gajarta, Mbarak ya sami hanyar Faransa ta wajen surukinsa. Ranar tafiyarsa a bakin mota bai yi doguwar magana ba. Cewa ya yi, "Ka riƙe mini kan gidan. Zan dawo kafin ka gaji." Shekara biyar da suka wuce hawan jini ya buge Mbarak a can, bakinsa ya rufe. 'Ya'yansa a can aka haife su, ba sa jin harshen gari, ba su taɓa ganin Taurirt cikin ƙanƙara ba. Babu wanda zai ce wa Bihi ya ci gaba, babu wanda zai ce masa ya isa haka.

Rana ta leƙo ta bayan dutse. Nan da nan farin ya fara kashe ido. Ya cire jallabiyarsa ta ulu ya rataya a kan tsani, ya ci gaba da 'yar riga. Ya gama saman ɗaki na farko, ya shiga na biyu. Bayansa ya fara yi masa magana, daga baya ya koma ihu. Daga ƙasa yana jiyo kiɗan rediyon motoci da kururuwar yaran birni da ke faɗuwa suna tashi.

Aka kira azahar. Yidir bai zo ba.

Indararo sun fara zuba ko'ina a lungun. Bihi yana tsakiyar ɗaki na uku sai ya ji muryar matarsa Ijja daga tsakar gidansu.

"Baban Yidir! Kana ji na? Ɗakin yaran nan ya fara yoyo!"

Ya taka zuwa bakin katanga ya leƙa. Ijja tana tsaye hannu a ƙugu, bayanta Yamna ta fito da langa cike da jan ruwa.

"Wuri nawa?"

"Uku. Na kan gado ya fi yawa. Ka tsallako mana, taki biyu ne!"

Taki biyu ne kuwa. Rufin ɗakin Yidir yana nan ƙasa kaɗan da inda yake tsaye, ƙanƙarar da ke kansa ta zauna ta yi ruwan toka. Ya juya ya dubi abin da ya rage a na Mbarak. Kusurwar arewa ce, inda iska ta tara ta har ƙirji, kuma a nan ne gungumen gidan ya fi tsufa. Ya san ƙarfin da ya rage masa. In ya tsallaka, ba zai dawo ba.

"Ku fitar da kaya," ya ce. "Kar Yamna ta ƙara shiga. Ki aika a kira shi."

"In aiki wa? Ko kaza babu a lungun nan, kowa yana fili!"

"Saura kaɗan in gama."

Ijja ta dube shi. Shekara arba'in da aurensu, ta san inda magana take tsayawa. Ta juya ta ce wa Yamna, "Zauna a rana, 'yata. Bar mini katifar."

Bihi ya koma kusurwar arewa. Bai ƙara tuna komai ba daga nan, sai shebur da nauyinsa. Yana ɗaga rabin abin da yake ɗagawa da safe. Da daɓen ya bayyana, jiƙaƙƙe amma lafiya lau, sai ya bi shi da tafin ƙafa yana danne inda ya kumbura, har ya kai ƙarshe. Ya tsaya ya dubi rufin gaba ɗaya, jar ƙasa tana tururi a rana.

Yana ɗaga ƙafa zai tsallaka katanga ya ji ƙarar. Ba mai ƙarfi ba ce, kamar an karya busasshen burodi a ɗaki na kusa. Tsakiyar rufin ɗakin Yidir ta lotsa a hankali, ƙanƙarar ta zame ciki, sai ga rami wanda alfadari zai iya faɗawa.

"Ijja!"

"Muna waje," ta amsa daga ƙasa. "Duk muna waje. Sauko kafin kai ma ka bi shi."

Lokacin da ya sauko, kayan ɗakin suna jibge a tsakar gida: katifa, barguna, akwatin auren Yamna, tukunyar gas, 'yan kayan jariri da aka fara tarawa a cikin jaka. Yamna tana zaune a kan akwatin, ba ta kuka, tana dai kallon ƙofar ɗakin inda laka take malalowa. Wani ya kai wa Yidir labari a fili. Ya shigo da gudu cikin manyan takalman zamiya, ya duba matarsa tukuna, sannan ya leƙa ɗakin, sannan ya juyo ga ubansa.

"Na Mbarak yana nan lafiya?"

"Yana nan."

"Alhamdu lillahi. Ɓeraye za su kwana a bushe."

"Yidir," in ji Yamna a hankali.

"A'a, bar ni in yi wa Baba barka. Ya riƙe amana. Mu kuma sai mu shimfiɗa a garke."

"Ka ce da azahar," in ji Bihi.

Yidir ya zauna a bakin rijiya yana kwance igiyar takalmi da ƙarfin da ya fi ƙarfin igiyar. Babu mai gyara rufin ƙasa a tsakiyar sanyi, sai yumɓu ya bushe, sai bazara. Ɗakin Bihi da Ijja kuwa da ƙyar yake ɗaukar gadonsu da murhu.

Ijja ta shiga ɗaki. Suka ji tana jan tulun da take ajiye busasshen ɓaure. Ta fito da wani babban makulli mai tsatsa a hannu, ta nufi ƙofar gida.

"Ina za ki da wannan?" in ji Bihi.

"Inda yake buɗewa."

"Ba a ba mu gidan don mu shiga ba."

"Rufi aka ba ka ka riƙe. To, ga shi ka riƙe. Rufi don me ake yinsa, don hankaki? Mace mai ciki ba za ta kwana ƙarƙashin rami ba alhali ga ɗaki uku a bushe a bayan katanga. In Mbarak ne a tsaye a nan, da kansa zai ɗauki katifar, yana waƙa."

"Ba zai ɗauka ba," in ji Bihi. "Waƙar dai zai yi."

Amma ya bi ta. Sai da Yidir ya sa kafaɗa ƙofar ta buɗe. Sanyin ciki ya fi na waje, da warin ƙasa da tsohon ulu. Komai yana inda aka bar shi: tabarmi a naɗe, butar shayi a kan kanta, kalandar shekarar tafiya a bango. Bihi ya ɗaga kai ya bi gungumen da ido ɗaya bayan ɗaya. Babu ɗigo ko ɗaya.

"Ɗaki ɗaya," ya ce. "Na gabas. Akwatunansa ba mai taɓawa. Da ƙanƙara ta narke, mu gyara namu ku dawo."

"To, Baba," in ji Yidir. Bai kalle shi ba. Yana auna faɗin ɗakin da ido.

"Kuma in ta ƙara sauka, rufin nan yanzu yana da mai hannu a ƙarƙashinsa."

"Na ji. Ni zan hau."

Kafin la'asar sun gama kwashe kaya. Yamna ta hura murhun Mbarak, da farko hayaƙi ya ƙi fita ya cika ɗakin, daga baya ya sami hanyarsa. Yidir ya koma fili karɓo katakansa daga hannun baƙi.

Bihi ya kwanta rub da ciki a ɗakinsu, Ijja ta ɗuma man zaitun tana murza masa baya. Ta taga yana hango hayaƙin yana tashi daga gidan Mbarak, a miƙe, babu iska.

"Ya faɗa mini da safe in zauna in bar na Mbarak ya faɗi," ya ce. "Na ƙi. Ga shi yanzu yana ciki."

"Uhum."

"Sai dai ba ta hannuna ya shiga ba. Ni bin tsari na yi. Wa ya san namu ne zai faɗi?"

Hannun Ijja ya tsaya a tsakiyar bayansa.

"Tun kaka na nuna maka gungumen ɗakin nan ya tsage," ta ce. "Ka ɗaga kai ka duba, har ka sa yatsa a ciki. Ka ce mini ka gani."

Bihi ya tuna ranar sarai, har da yadda ɓawon itacen ya shige masa ƙarƙashin farce. Abin da ya kasa tunawa shi ne ko da safen nan, lokacin da yake jingina tsani, ya san da wannan ko bai sani ba. Ya koma ya bi safiyar taki-taki, tun daga ɗaukar tsanin har zuwa maganar Yidir, bai tarar da amsa ba.

"Ƙasa kaɗan," ya ce mata. "Wajen ƙugu."